Daga Gidan Mai Zuwa Bakin Murhu

A layinmu akwai wata dattijuwa mai injin markaɗe, mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar da injin. Ba ta da mota, ba ta da babur, ko keke babu a zaurenta. Ban taɓa ganin ta a gidan mai ba, autanta take aikawa da galan wajen 'yan bumburutu a bakin titi. Amma da za a ce in nuna mutum ɗaya a unguwarmu da cire tallafin mai ya fi taɓawa, ita zan nuna. A lokacin injinta fetur yake sha. Da ta ƙara kuɗin markaɗe, masu ƙosai da masu awara suka rage waken da suke kawowa, wasu matan gida kuma suka karkaɗe turmin da suka daɗe da jinginewa. Wata rana na tsaya gaishe ta, na ce, "Inna, yaya kasuwa?" Ta ce, "Ɗan nan, kasuwa tana gidan mai. Mu dako kawai muke yi musu."

Na fara da ita ne saboda hujjar da aka fi cika mana kunne da ita a wancan lokaci, wato wai tallafin nan masu hannu da shuni ne ke morar sa. Mai motoci huɗu a gareji shi ke shan mai, talaka me ya haɗa shi da fetur? A takarda maganar tana da kan gado. Sai dai wanda ya faɗe ta bai san ƙasar da yake magana a kanta ba, ko kuma ya sani ya kau da kai. A Najeriya fetur ba man mota ba ne kaɗai. Shi ne wutar lantarkin mai aski da tela da mai cajin waya. Shi ne ruwan famfo, tun da shi ke tayar da injin rijiyar burtsatse da 'yan ga-ruwa ke ɗiba. Shi ne madatsar ruwan manomin rani. Shi ne bas ɗin gwamnati da babu, shi ne jirgin ƙasan da ya mutu. Duk wani aikin da hukuma ta kasa yi tun shekara arba'in, mun ɗora wa wani ƙaramin inji, injin kuma fetur yake sha. Arhar fetur ita ce ta rufa wa gwamnatoci asiri, ita ce ta sa muka iya zama cikin duhu da ƙishirwa ba tare da mun lura da tsananinsu ba. Ranar da aka yaye wannan mayafi, duk tsiraicin ya bayyana lokaci guda.

Ranar kuwa kowa ya san ta. Litinin ce, 29 ga Mayun 2023, a dandalin Eagle da ke Abuja, inda Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Daga baya shi da bakinsa ya ce maganar ba ta cikin jawabin da aka rubuta masa, ƙarfin hali ne ya zo masa a kan mumbari. Kafin la'asar gidajen mai sun fara rufe ƙofa. Kwana biyu bayan nan kamfanin NNPC ya fitar da sabon farashi: litar da farashinta na hukuma bai kai naira 200 ba ta koma 488 a Legas, 537 a Abuja, 540 a Kano, 557 a Maiduguri. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, domin a tsakiyar Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta yi ta hawa har ta haura 1,500 a farkon 2024. Man da muke sha a lokacin daga waje ake sayo shi da dala, saboda haka kowace faɗuwar naira ƙarin kuɗin mai ce. A Yulin 2023 lita ta kai 617 a Abuja, a Oktoban 2024 ta kai 1,030.

Ga wani lissafi da ko ɗan firamare zai iya. A Mayun 2023 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, yana sayen lita ɗari da hamsin da 'yan kai. A Yulin 2024 aka ɗaga shi zuwa 70,000, aka yi ta tafi. Wata uku bayan nan wannan sabon albashin bai sayen lita saba'in. Farashin ya ɗan sauko daga baya, bayan matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, amma bai ko kusanci inda ya baro ba. Kuma wannan lissafin na mai albashi ne. Inna mai markaɗe ba wanda ya ƙara mata komai.

Kada a ɗauka ina kukan a dawo da tallafin ne. Ba na yi, kuma na san wannan zai ɓata wa wasu rai. Tallafin nan rijiya ce gaba dubu. A 2022 kaɗai ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, a ƙasar da ke cin bashi don ta biya albashi. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2012 ya bankaɗo kamfanonin da aka biya kuɗin man da ba su shigo da shi ba, shugaban kwamitin binciken kuma, Farouk Lawan, shi ma daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci a cikin binciken. Wanda ya taɓa bi ta Jibiya ko Illela ko Maigatari a wancan zamani ya ga yadda ake tsallakar da mai cikin jarkoki. A Maraɗi da Birnin Ƙonni har suna gare shi, ruwa-ruwa, ana jera shi cikin kwalabe a bakin hanya. Manyan 'yan takara uku na zaɓen 2023 duk sun ce za su cire shi, gwamnatin Buhari kuma ba ta ware masa kuɗi a kasafi ba bayan Yunin shekarar. Ko ba daɗe ko ba jima, ranar nan tana tafe.

Abin da nake ƙorafi a kai shi ne, tun yaushe aka san ranar tana tafe? Tun 1 ga Janairun 2012 da Jonathan ya ɗaga lita daga naira 65 zuwa 141 ƙasa ta tsaya cik, har ya sauko da ita zuwa 97. Daga nan zuwa 2023 shekara goma sha ɗaya ke nan. Yaron da aka haifa a makon waccan zanga-zangar, a 2023 ya kusa gama firamare. Cikin waɗannan shekaru me aka tanada? Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu kuwa sai da aka kama hanya aka tuna ko gorar ma ba a shuka ba. Motocin gas da aka ce su ne mafita, sai a Agustan 2023 aka kafa shirinsu, wata biyu da wani abu bayan an cire tallafin. Kuɗin rage raɗaɗi na naira 25,000 ga gidaje sai a Oktoba aka ƙaddamar, kafin a je ko'ina aka dakatar da ministar da ke kula da shi a Janairun 2024 bisa zargin karkatar da kuɗi. Ƙarin mafi ƙarancin albashi sai bayan wata goma sha huɗu. Zafin ya zo a yini ɗaya, maganin yana tafe a kan jaki.

Mu a Arewa kuma bugun ninki biyu ne, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa ba. A sake duba farashin can na sama: Legas 488, Maiduguri 557. Ba kuskure ba ne. Tun 1975 akwai wani asusu na daidaita farashin mai da ke biyan kuɗin dakonsa daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, domin mutumin Nguru ya saya kamar yadda mutumin Apapa ke saya. Da aka bar wa kasuwa farashi, wannan ma ya tafi. Yanzu nisanka da teku, tsadar manka. Yankin da ya fi ko'ina talauci shi ya fi ko'ina sayen mai da tsada. Abin haushin shi ne ba haka aka tsara ƙasar ba tun asali. An gina matatar Kaduna a 1980, mai iya tace ganga 110,000 a rana, aka shimfiɗa bututu daga nan zuwa defo-defo na Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri, domin kada mai ya hau titi sai a zangon ƙarshe. Matatar ta yi shekaru ba ta tace ko cokali ba, bututun an bar wa tsatsa da ɓarayi. Sai tanka, ta ɗauko mai tun daga Legas ta yi kwanaki a hanya, kilomita sama da dubu, a kan titunan da kowa ya san halinsu.

Irin wannan tankar ce ta faɗi a Majiya. Daren 15 ga Oktoban 2024, a ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, mota ta kife, mai ya malala cikin kwata, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, adadin ya yi ta ƙaruwa a asibitoci. Wata uku bayan nan irin haka ta faru a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, aka rasa sama da mutum 80. Na ji masu cewa ganganci ne, kwaɗayi ne, jahilci ne. Ban ce ɗibar mai daga motar da ta faɗi hankali ba ne, kuma an sha yin irin wannan tun fetur yana da arha. Amma a makon da abin ya faru lita ta haura naira dubu, bokiti ɗaya ya fi abin da lebura ke samu a mako. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya bar bututu ya mutu har mai ya koma bin tsakiyar garuruwa cikin dare yana da kaso a wannan makoki, ko da bai taɓa jin sunan Majiya ba.

Haka zancen jirgin ƙasa yake. Ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Turawa ba don kaunarmu suka shimfiɗa dogo ba, gyaɗa da auduga da fata suke so, amma sun san cewa kaya mai nauyi a tafiya mai nisa ba aikin mota ba ne. Yau shanun Maigatari da albasar Aliero da hatsin Dawanau duk a kan tirela suke zuwa Kudu. Tirela dizal take sha, shi kuwa dizal an daɗe da cire masa tallafi, ya yi tashin gwauron zabi tun 2022. Saboda haka ba gaskiya ba ne a ɗora wa fetur kaɗai tsadar abinci da ta haura kashi arba'in cikin ɗari a tsakiyar 2024. Akwai dizal, akwai faɗuwar naira, akwai 'yan bindiga da suka hana noma a Zamfara da Katsina da Neja. Amma buhu kafin ya hau tirela sai ya hau babur daga gona, ya hau ƙaramar mota zuwa kasuwar ƙauye, a can ƙarshe kuma ya hau a-daidaita-sahu zuwa gida. Kowane hawa da kuɗinsa, kuma duk a kan kwanon da matar gida za ta auna suke sauka. Akwai layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, akwai na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Ina fatan alheri gare su. Amma ba su sauke wa mai tumatir ɗin Kura ko kwando ɗaya ba tukuna.

A cikin gari kuwa, bari in yi maganar Kano tun da ita na fi sani. Birni ne mai mutane miliyoyi, amma sufurinsa kacokan yana hannun matasa masu keke mai ƙafa uku. A-daidaita-sahu ta shigo ne zamanin Malam Ibrahim Shekarau, da farko don ɗaukar mata. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana acaɓa. Dalilin tsaro ne, kuma mutane da yawa sun fahimta. Amma an hana ne kawai, ba a kawo komai a madadinsa ba, sai 'yan kasuwa suka cike gurbin da kekuna, suna ba yara haya ko biya-sannu. Bas-bas ɗin hayis da muka sani muna yara, masu ɗaukar mutum goma sha wani abu daga Bata zuwa unguwanni, suka ja baya. Muka koma birnin da ake ƙona lita don a ɗauki mutum huɗu. Muddin mai yana da arha, ba wanda ya damu. Gwamnati ma sai ta ga wurin karɓar haraji, har 'yan a-daidaita suka yi yajin aiki a 2021 da 2022 a kan kuɗaɗen da ake ɗora musu, aka ga yadda Kano take komawa in babu su: tituna cike da masu tafiya a ƙafa, 'yan makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa.

Daga gidana zuwa wurin aiki hawa biyu ne. Abin da nake kashewa a mako yanzu ya kusa abin da nake kashewa a wata a da. Na taɓa yi wa wani direba ƙorafi, yaro ne da bai fi shekara ashirin da biyar ba, ya juyo ya ce, "Malam, wallahi ba mu muke cin kuɗin nan ba. Kafin in taɓa na cefane sai na fitar da na mai, na fitar da balas ɗin mai keke, na fitar da na haraji. Wata rana in tashi da dubu ɗaya, wata rana in ciyo bashi in cika balas." Na yarda da shi, domin na ga yadda suke kashe inji a gangara don su rage shan mai, na ga yadda suke cusa fasinja biyu a gaba. Da shi da ni duk a rami ɗaya muke, amma kullum da safe mu ne ke cacar baki a kan naira hamsin.

Akwai abin da ya faru a watannin farko bayan cire tallafin da ya kamata mu riƙe. Gwamnatin Legas ta rage kuɗin hawa motocinta da rabi. Ta iya yin haka ne saboda tana da motocin. Tun 2008 take gudanar da manyan bas masu layinsu na daban, a Satumban 2023 kuma ta fara jigila a jirgin cikin gari. Gwamna Zulum a Borno ya zuba motoci masu rahusa a Maiduguri. Jihohin Kwara da Edo kuwa rage ranakun zuwa ofis suka yi zuwa uku a mako, wanda amsa laifi ne a fakaice cewa albashi ba ya iya kai ma'aikaci wurin aiki. Gwamnan da ba shi da bas ba shi da kuɗin motar da zai rage, iyakarsa ya raba shinkafa. Mun ga rabon, mun ga layi, mun ga turmutsutsu. Shinkafa kwana uku ce, zuwa aiki kullum ne.

A nan ne nake ganin mun yi sakaci mu ma. Duk fushinmu mun tattara shi Abuja, muka manta kuɗin da aka daina biyan tallafi da shi ba a Abuja kaɗai ya tsaya ba. Abin da matakan gwamnati uku ke rabawa daga asusun tarayya bai kai naira tiriliyan tara ba a 2022, a 2024 ya haura sha biyar. Na san naira ta faɗi, na san kuɗin ba su da auki kamar da. Duk da haka gwamnoni sun samu abin da ba su taɓa samu ba. Me suka yi da shi? A yawancin biranenmu amsar ita ce gadar sama. Ba ni da gaba da gada, tana rage cunkoso a inda ake buƙata, tana kuma kyau a hoto. Sai dai gada ta mai mota ce. Mutumin da ke takowa daga Ɗorayi zuwa Kantin Kwari saboda ba shi da kuɗin hawa, amfaninta a wurinsa inuwa ce idan rana ta yi zafi. Da kuɗin gada ɗaya za a sayi manyan bas da yawa, a ware musu layi, a sa farashin da ɗan makaranta zai iya biya. Matsalar bas ita ce tana buƙatar kulawa kullum, gyara da direba da lissafi, ba a yanke mata zare sau ɗaya a tafi. Shi ya sa 'yan siyasa ba sa ƙaunarta.

Sai wuta. Ƙasar da ta haura mutum miliyan ɗari biyu tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar, kuma haka take tun ina saurayi. An sayar da kamfanonin raba wuta a 2013 da alƙawarin gyara. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, bisa sharaɗin za su riƙa samun awa ashirin a rana, daga baya aka ɗan rage. An ce masu hali kaɗai abin ya shafa. To amma wa ke kan waɗannan layukan? Akwai gidajen manya, haka ne. Akwai kuma masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa, da injinan casar shinkafa, da gidajen burodi da na ƙanƙara, da asibitoci da jami'o'i. Babu ɗayansu da ke haɗiye ƙarin, kowa miƙa shi yake yi gaba, har ya iso kan wanda ba shi da wanda zai miƙa wa. Mu kuma da ba ma cikin rukunin, abin da muka lura shi ne wutar tamu ta ƙara ja baya, domin ɗan kasuwa inda ya fi riba yake kai hajarsa. A unguwarmu transifoma ta taɓa ƙonewa muka yi wata biyu a duhu, sai da aka bi gida-gida aka yi karo-karo muka gyara ta da kuɗinmu. Ƙarshen wata takardar biya ta zo cif, har da kwanakin duhun.

A ƙarshen Oktoban 2024 kuwa muka ga abin da ya fi haka. An lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna a yankin da 'yan bindiga suka hana ma'aikata shiga, ɗayan layin da ke bi ta Makurɗi shi ma ya faɗi, mafi yawan jihohin Arewa suka yi kusan kwana goma babu wuta ko ƙyas. A da, idan haka ta faru, sai a tayar da janareto a yi ta haƙuri. A wannan karon lita tana sama da dubu. Masu walda suka rufe, teloli suka zauna, kifi da kaji suka ruɓe a firji, kuɗin jarkar ruwa ya tashi, cajin waya ya zama abin bin layi. Yanki guda mai mutane sama da na ƙasashe da yawa, ashe a kan igiyoyi biyu yake rataye. Madatsun samar da wuta na Shiroro da Kainji da Jebba da Zungeru duk a Arewa suke. Madatsar Mambila kuwa tun kafin a haifi yawancin masu karanta wannan ake zancenta. 'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu ɗanɗana irin wannan, lokacin da Najeriya ta yanke musu wuta bayan juyin mulkin Yulin 2023. Sojojin da aka yi don su ba su kwana a duhu ba, mai sayar da ƙanƙara a Yamai ne ya kwana.

Tun Yunin 2023 doka ta ba jihohi damar samar da wutarsu da tsara kasuwarta. Rana kuwa ba a fi mu ita ba. Gwamnan da ya ce hannunsa a ɗaure yake a kan wuta, yanzu ba shi da wannan uzurin.

An ce gas ne makoma, kuma na yarda, domin muna da shi da yawa, ya kuma fi fetur arha. Amma gas ɗin mota yana buƙatar bututu, bututun da zai kawo shi nan kuwa shi ne na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar a Yunin 2020 da alƙawarin gamawa cikin shekara biyu. Ranar da aka cire tallafi bai iso ba. Wato an ce wa direban Kano ya koma gas a lokacin da gas ɗin ke can Kudu. Na girki ma da aka yi shekaru ana roƙon mata su rungume shi su bar itace, da suka runguma sai ya fi ƙarfinsu. Kananzir tun 2016 aka cire masa tallafi, risho ya zama kayan tarihi. Yanzu a duba buhunan gawayi da ake jibgewa a kowace kusurwa, a tambayi daga wane daji suke. Ma'aikata ɗaya tana rabon dashen itatuwa don tare hamada, farashin da wata ma'aikatar ta haifar yana aika mutane daji da gatari.

Baffana yana noman rani a fadamar Haɗeja, tumatir da albasa da ɗan alkama. Shekarar da aka cire tallafi ya rage gonar da rabi, domin injin ban-ruwa ba ya jin haƙuri, in ba ka ba shi ba ba zai ba ka ba. Na ce masa, "Baffa, me zai hana ka sa sola kamar yadda wasu ke yi?" Ya dube ni ya ce, "Kai yaro, wanda ya kasa sayen galan shi za ka ce ya sayi faranti?" Farantin sola da dala ake shigo da shi, dalar kuma mun ga inda ta tafi. Da a ce daga kuɗin da aka ce an tsimi an ba manoman rani injin sola bashi, su biya bayan girbi a shekara biyu ko uku, da an rage kuɗin miya a Kano da Legas gaba ɗaya. Ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. A ƙarshe ɗan maƙwabcinsa bakanike ne ya juya masa injin ya koma shan gas ɗin girki, da 'yar tukunya da tiyo, yana aiki a bakin rijiya cikin rana.

Ita ma Inna hanyar da ta bi ke nan. Ta zuba adashi wata huɗu, da kwasarta ta zo ta kira mai gyara ya sauya wa injin markaɗen kabireto. Ba wani jami'i da ya zo ya duba ko haɗin yana da hatsari, ga yara suna kai-kawo, ga mai ƙosai da wutarta a ƙofar gida ta gaba. Autan nata yanzu tukunyar gas yake ɗorawa a ka maimakon galan. Ranar Asabar na gamu da shi yana dawowa da ita, na ce yaya na ga kana tafe da sauri haka, ba nauyi? Ya ce rabi aka zuba, an ƙara kuɗin kilo.